Kimiyya a Ƙarƙashin Ƙafar Direba: Gyara da Daidaita Kulocin Tsohuwar Mota

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da direba a motar da ake sa wa giya da hannu, ya lura cewa ƙafarsa ta hagu ba ta samun hutu. Kafin ya sa giya sai ya taka wata feda, bayan ya sa kuma sai ya riƙa sakinta sannu a hankali. Wannan feda ita ce ta kuloci. Ɗalibai da dama suna karanta darasin liba da na gogayya a aji, su haddace ƙa'idojinsu, har su ci jarrabawa a kansu, amma ba su san cewa waɗannan ƙa'idoji ne ke aiki a duk lokacin da direba ya taka wannan feda ba.

A wannan darasi za mu dubi hanyar da ƙarfin ƙafar direba ke bi daga feda har ya isa ga kuloci a tsofaffin motoci. Za mu ga yadda sassan wannan hanya ke lalacewa, da yadda ake sabunta su, da kuma yadda ake daidaita su. Al'amarin ba ƙarami ba ne, domin kuskuren milimita kaɗan wajen daidaitawa yana iya ƙona kuloci sabo ful cikin 'yan watanni, ko ya bar matafiya a tsakiyar daji da tsinkakkiyar waya.

Aikin kuloci a mota

Injin mota ba ya iya aiki sai yana juyawa. Ko da mota tana tsaye, injin da aka kunna yana juyawa sau ɗaruruwa a cikin minti guda. Tayoyi kuwa dole wani lokaci su tsaya cik. Saboda haka ana bukatar wani abu da zai haɗa inji da giyabos idan ana son tafiya, ya kuma raba su idan ana son tsayawa ko canza giya. Wannan shi ne aikin kuloci.

Manyan sassan kuloci guda huɗu ne. Na farko shi ne filawil, wato wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure a jikin inji, yana juyawa tare da shi. Na biyu shi ne farantin kuloci, wanda kanikawa ke kira fileti. Shi siriri ne, an lulluɓe fuskokinsa biyu da wani abu mai kaushi irin na takalmin birki, kuma yana zaune a kan sandar da ke shiga giyabos. Na uku shi ne farantin matsi, wanda ke ɗaure a jikin filawil, yana da sifirin masu ƙarfi da ke danne farantin kuloci a jikin filawil ɗin. Na huɗu shi ne boris ɗin saki. Idan direba ya taka feda, wannan boris ne ke matsawa ya danna 'yan yatsun ƙarfe da ke jikin farantin matsi, su kuma su ja farantin baya, sai farantin kuloci ya kuɓuta.

A lura da kyau: idan ƙafar direba ba ta kan feda, kuloci a haɗe yake. Taka feda shi ke raba shi.

Abin da ke riƙe farantin kuloci a jikin filawil gogayya ce kawai. Ana iya lissafa ƙarfin juyin da kuloci zai iya ɗauka ta hanyar ninka abubuwa huɗu: yawan fuskokin da ke gogayya, da ma'aunin gogayya, da ƙarfin matsi, da matsakaicin nisan fuskar daga tsakiya. Mu ɗauka, a matsayin misali, fuskoki 2 ne, ma'aunin gogayya 0.3, ƙarfin matsi niwton 3,000, nisa kuma mita 0.08. Idan aka ninka su za a sami niwton-mita 144. Injin da ke ba da niwton-mita 100 ba zai iya rinjayar wannan kuloci ba. To amma idan baƙin mai ya zubo a kan farantin har ma'aunin gogayya ya sauka zuwa 0.15, abin da kuloci zai iya ɗauka ya koma niwton-mita 72 ke nan. Daga nan inji zai riƙa juyawa farantin na sulɓewa, mota ba ta ja, zafi na ƙaruwa. Haka nan zai faru idan wani abu ya rage ƙarfin matsi, kuma a nan ne batun daidaitawa ya shigo.

Hanyoyi uku na isar da ƙarfi

Masu ƙera motoci sun bi hanyoyi uku wajen kai ƙarfin ƙafa zuwa ga boris ɗin saki. Hanya ta farko ita ce ta sandunan ƙarfe da ake haɗa su da juna a gaɓoɓi. Motocin Amurka da dama na shekarun 1960, irin su Ford Mustang da Chevrolet Camaro, da ita aka yi su. Hanya ta biyu ita ce ta waya, wato igiyar ƙarfe da aka tufka daga ƙananan silla. Hanya ta uku ita ce ta mai, inda feda ke tura mai ta cikin bututu kamar yadda birki ke yi, bisa ƙa'idar da masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana a ƙarni na 17. Peugeot 504, wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, da mai kulocinta ke aiki.

Hanyoyi biyun farko su ne abin da darasinmu ya shafa, domin su ne ke bukatar hannun mutum ya riƙa daidaita su lokaci bayan lokaci.

Motar da muka zaɓa

Za mu ɗauki Volkswagen Beetle, motar nan mai siffar kunkuru, a matsayin abin nazari. Injiniya Ferdinand Porsche ne ya tsara ta a Jamus a shekarun 1930. A shekarar 1972 yawan waɗanda aka ƙera ya zarce na Ford Model T, wadda ta daɗe tana riƙe da kambin motar da aka fi ƙerawa a duniya. An kammala ta ƙarshe a garin Puebla na ƙasar Meziko a watan Yuli na 2003, bayan an ƙera sama da miliyan 21. A Nijeriya ma an harhaɗa ta a masana'antar kamfanin da aka buɗe a Legas a 1975, kuma ta zama motar malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da yawa a wancan zamani. Tun da an daina ƙera ta, wasu daga cikin waɗanda suka rage suna hannun masu adana tsofaffin motoci, kuma kowane ƙarfe nata yana da daraja a wurinsu.

Abin da ya sa ta dace da darasinmu shi ne, injinta da giyabos ɗinta a baya suke, feda kuwa tana gaba. Saboda haka tilas ƙarfin ƙafa ya yi tafiya kusan tsawon motar. Ga yadda hanyar take. A gindin feda akwai wata sanda da ke shiga cikin ramin da ya ratsa tsakiyar daɓen motar daga gaba zuwa baya. A ƙarshen sandar akwai ƙugiya, kuma a jikinta ake rataya kan waya. Wayar tana bi ta cikin wani bututun ƙarfe da aka yi wa walda a cikin ramin, har ta fito ta baya. Daga nan ta shiga wani gajeren bututu mai lanƙwasuwa da ake kira bututun Bowden, da sunan Ernest Bowden wanda ya yi rajistar wannan dabara a Ingila a 1896. Irinta ce a birkin keke. Bayan wayar ta fito daga wannan bututu, sai ta ratsa ta ramin wani hannun ƙarfe da ke gefen hagu na giyabos, a ɗaure ta da noti mai fiffike biyu. Wannan hannu yana kan wata sanda da ta gitta cikin gidan kuloci, ita kuma tana ɗauke da yatsu biyu masu riƙe da boris ɗin saki.

Lissafin liba

Mun ce ƙarfin matsi na iya kai niwton 3,000, wato daidai da nauyin kilogiram 300 ko kusa da haka. Ta yaya ƙafar mutum ɗaya ke rinjayar wannan ƙarfi sau ɗaruruwa a rana ba tare da ya gaji ba? Amsar tana cikin ƙa'idar liba, wadda Archimedes na Girka ya bayyana fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ƙa'idar ta nuna cewa idan sanda tana da madogara, ƙarfin da aka sa a gefe ɗaya, idan aka ninka shi da nisansa daga madogara, daidai yake da ƙarfin ɗaya gefen idan aka ninka shi da nasa nisan. Wannan ne ya sa mai haƙar rijiya ke iya ɗaga dutsen da ya fi shi nauyi da doguwar sandar ƙarfe.

A hanyar kuloci akwai liba uku a jere. Bari mu ba su ma'aunai masu sauƙin lissafi, domin misali kawai. Ta farko ita ce feda kanta: mu ce tsawonta milimita 250 ne, na ƙugiya kuma 50. Ribarta 5 ke nan. Ta biyu ita ce hannun da ke gefen giyabos: mu ce tsawonsa milimita 100, na yatsun ciki kuma 50. Ribarsa 2. Ta uku ita ce 'yan yatsun farantin matsi: mu ce ribarsu 4. Idan liba suna jere, ninka ribarsu ake yi, ba tarawa ba. Saboda haka 5 sau 2 sau 4 ya ba mu 40. Idan aka raba niwton 3,000 gida 40 za a sami niwton 75, wato kamar nauyin kilogiram 7 da rabi. A zahiri abin da ƙafa ke ji ya fi haka, domin gogayyar waya da ta gaɓoɓi tana cinye wani kaso na ƙarfin.

Sai dai liba ba ta ba da komai kyauta. Abin da aka samu a ƙarfi, an biya shi da tafiya. Domin farantin matsi ya ja baya da milimita 2 kacal, sai feda ta yi tafiyar milimita 80. Wannan yana nuna mana abu muhimmi: ƙaramin canji a wajen kuloci yana bayyana da girma a wajen feda, kuma tafiyar fedar da aka yi asararta a gaɓoɓin da suka saki, ragi ce ga buɗewar kuloci.

Tafiyar banza da amfaninta

Idan mutum ya danna fedar kuloci da yatsun hannunsa, zai ji da farko tana tafiya cikin sauƙi, sannan ta yi tauri. Wannan tafiya ta farko mai sauƙi ita za mu kira tafiyar banza, ko da yake amfaninta babba ne. A lokacinta boris ɗin saki yana cike ɗan sararin da ke tsakaninsa da farantin matsi ne, bai fara danna komai ba. Kamfanin Volkswagen ya ƙayyade cewa a Beetle wannan tafiya ta kasance tsakanin milimita 10 da 20 a kan feda. Bisa lissafinmu, ribar liba biyun farko 10 ce, don haka milimita 15 a kan feda na nufin sararin milimita 1.5 a gaban boris.

Abubuwa biyu ne ke sauya wannan ma'auni, kuma kowanne gabansa daban. Na farko shi ne cinyewar farantin kuloci. Yayin da farantin ke sirancewa, farantin matsi yana ƙara matsawa kusa da filawil, 'yan yatsunsa kuma, da yake liba ne, suna ɗagowa zuwa wajen boris. Idan farantin ya cinye da rabin milimita, yatsun za su matso da milimita 2, wato sun shafe sararin nan na 1.5 gaba ɗaya har sun wuce. Ashe cinyewar faranti rage tafiyar banza take yi. Wannan ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Abu na biyu shi ne miƙewar waya da cinyewar gaɓoɓi, waɗanda su kuma ƙara tafiyar banza suke yi.

Idan tafiyar banza ta ƙare, boris zai kasance kullum yana manne da farantin matsi, yana juyawa ba hutu, alhali an yi shi ne don ya yi aiki na 'yan daƙiƙoƙi a kowane taki. Bugu da ƙari, zai riƙa rage ƙarfin matsi, farantin ya fara sulɓewa, sulɓewa ta haifar da zafi, zafi ya ƙara saurin cinyewa, cinyewa ta ƙara danne boris. Haka abin zai yi ta zagayawa har kuloci ya ƙone. Direban da ke ɗora ƙafarsa a kan feda yana tafiya, irin wannan ɓarna yake yi da kansa.

Idan kuwa tafiyar banza ta yi yawa, feda za ta kai ƙasa kuloci bai gama buɗewa ba. Sandar giyabos za ta ci gaba da juyawa, giya ta ƙi shiga sai da ƙara, haƙoranta su riƙa karo da juna suna gutsurewa.

Alamomin matsala

Bakanike nagari yakan saurari mota kafin ya ɗauki sifana. Idan aka taka totur a babbar giya ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, musamman a hawan tudu, kuloci na sulɓewa ne. Sau da yawa akan ji ƙauri tare da haka. Idan giya ta ɗaya da ribas suna wuyar shiga mota na tsaye, kuloci ba ya gama buɗewa. Idan motar tana karkarwa lokacin tashi, a duba lanƙwasar bututun Bowden da robobin da giyabos ke zaune a kansu. Idan feda ta yi nauyi ko tana ƙara, waya ta bushe ko sillanta sun fara tsinkewa. Idan kuma an daidaita waya yau, gobe tafiyar banza ta sake yawa, to wani abu yana kan hanyar karyewa: ko wayar kanta, ko ƙugiyar feda ta tsage tana buɗewa, ko waldar bututun cikin rami ta saki.

Kwancewa da sabuntawa

Kafin komai sai an kiyaye lafiya. A ajiye motar a wuri mai daɗi, a sa waiji a tayoyin gaba, a cire kan batir, wanda a Beetle yake ƙarƙashin kujerar baya. Bayan an ɗaga motar da jak, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe masu ƙwari. Kada a kuskura a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Haka kuma tsofaffin farantan kuloci an yi su ne da asbestos, ma'adinin da ƙurarsa ke jawo cutar huhu da sankara. Saboda haka ba a hura ƙurar kuloci da baki ko da iskar famfo, sai dai a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Mataki na ɗaya, a cire tayar baya ta hagu domin a sami sarari. A riƙe ƙarshen waya da filaya, a kwance noti mai fiffike, a zare wayar daga hannun ƙarfe, sannan a fitar da bututun Bowden daga mazauninsa.

Mataki na biyu, a koma gaba. A cire wayar totur da sandar da ke tura birki daga jikin fedoji, a kwance kusoshi biyu da ke riƙe da gungun fedoji, a zaro shi. Kan wayar kuloci zai biyo ƙugiya, sai a jawo wayar gaba ɗaya ta gaba. A yi hattara kada a taɓa tsawon sandar birki, domin ita ma da ma'auninta.

Mataki na uku, bincike. A wanke kowane ƙarfe da kananzir a dube shi da kyau. Ƙugiyar da waya ta ci ta yi mata kwari, ko wadda ta tsage, a sake ta. A girgiza feda a kan sandarta, idan tana lilo gefe da gefe to bushin ya cinye. A kama hannun ƙarfen gefen giyabos a motsa shi sama da ƙasa, domin a gane ko bushin sandarsa ya saki, a kuma tabbata sifirin da ke mayar da shi baya bai karye ba. A zura yatsa a taɓa bakin bututun cikin rami, idan yana motsi to sai mai walda. Wayar da silinta ko da guda ɗaya ya tsinke, ta gama aiki, domin nauyin da wannan sili ke ɗauka ya koma kan sauran, su ma za su bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na huɗu, a gwada tsawon sabuwar waya da na tsohuwa, domin tsawon ya bambanta tsakanin wasu shekarun ƙira. A shafe ta da giris tun daga kai har ƙarshe, a zura ɓangaren mai zare ta gaba har ya ɓullo ta baya. A rataya kanta a ƙugiya, a mayar da gungun fedoji. A nan ana bukatar mutum na biyu, wanda zai riƙa jan wayar ta baya, shi kuma na gaba ya riƙe feda a tsaye. Idan feda ta faɗi baya, wayar za ta zame daga ƙugiya a cikin rami inda ido ba ya gani, sai an sake aikin daga farko.

Mataki na biyar, a mayar da bututun Bowden da robar da ke hana ƙura shiga bakinsa, a ratsa wayar ta hannun ƙarfe, a ɗaura noti.

Idan binciken ya nuna cewa boris ɗin saki ko farantin kansa ne ya lalace, ko baƙin mai na zubowa daga robar da ke bayan filawil, to sai an sauke inji. A Beetle wurare huɗu ne kawai ke ɗaure inji da giyabos. Wajen sayen kaya a tuna cewa daga ƙirar 1971 an canza fasalin boris ɗin saki da farantin matsi, kuma na da da na baya ba sa aiki tare.

Daidaitawa

Ma'auni biyu ake dubawa. Na farko shi ne lanƙwasar bututun Bowden. Ba a son ya miƙe sambal. Tilas ya yi ɗan ciki zuwa ƙasa, tsakanin milimita 25 da 45 daga miƙaƙƙen layin da ya haɗa bakinsa biyu. Dalili shi ne, inji da giyabos suna zaune a kan roba, kuma sukan ɗan motsa idan mota za ta tashi. Idan bututun a miƙe yake, wannan motsi zai riƙa jan waya yana saki, kuloci ya riƙa kamawa yana saki, motar ta yi ta karkarwa. Lanƙwasar ce ke shanye motsin. Idan ba ta kai ba, sai a ƙara washa a tsakanin bututun da mazauninsa na jikin giyabos. Idan ta wuce kima kuwa, waya za ta riƙa gogar bangon bututun, feda ta yi nauyi, wayar ta tsinke da wuri.

Ma'auni na biyu shi ne tafiyar banza. A tsayar da rula a daɓen mota kusa da feda. A danna fedar da hannu, ba da ƙafa ba, domin hannu ya fi jin inda tauri ya fara. A karanta nisan. Idan ya haura milimita 20, a ƙara ɗaure noti mai fiffike. Idan bai kai 10 ba, a sassauta shi. Ana juya notin rabi-rabi, domin yana da 'yan tudu biyu da ke faɗawa cikin gurbinsu a jikin hannun ƙarfe, su ne ke hana shi kwancewa da kansa. Bayan kowane juyi a taka feda sau da yawa, a sake aunawa. Daga ƙarshe a shafa giris a zaren wayar saboda tsatsa.

Sai gwaji. Da farko a tabbata birki yana kamawa, tun da an taɓa fedarsa. A kunna inji giya na firi, a taka kuloci har ƙasa, a jira daƙiƙa biyu ko uku, a sa ribas. An zaɓi ribas ne domin ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora, don haka ba ta ɓoye laifi. Idan ta shiga shiru, kuloci na buɗewa sosai. Sabuwar waya takan ɗan miƙe a kwanakin farko, saboda haka a sake aunawa bayan mako guda ko biyu.

Motoci masu sanduna

A motocin Amurka da muka ambata, sanda ce ke fita daga feda ta tura wani gwiwar ƙarfe mai siffar harafin Z. Wannan ƙarfe yana juyawa a kan ƙwallaye biyu, ɗaya a jikin shasi, ɗaya a jikin inji, daga nan wata sanda mai zare ta tura cokalin da ke riƙe da boris. Ƙa'idar ɗaya ce da ta waya, kuma ana daidaitawa ne da ƙara tsawon sandar ƙasa ko rage shi, har tafiyar banza ta kai kusan milimita 25, gwargwadon abin da littafin motar ya nuna. Raunin wannan tsari yawan gaɓoɓi ne. Ramin da ya kamata ya zama da'ira yakan cinye ya koma siffar ƙwai. Idan gaɓa huɗu kowacce ta saki da milimita 1, liba za ta ninka wannan sakin ta kai shi feda. Daidaita sanda ba ya warkar da wannan, sai an sabunta bushi da fil, ko a cike ramin da walda a sake huda shi. Haka kuma, tun da gefe ɗaya na ƙarfen yana jikin inji, lalatacciyar robar zaman inji tana sauya ma'aunin baki ɗaya.

Gwaji a aji

Malami ba ya bukatar mota kafin ya koyar da wannan darasi. Keke mai birkin waya ya isa. Ɗalibai su auna nisan da hannun birki ke tafiya kafin roba ta taɓa ƙarfen taya, su auna kuma sararin da ke tsakanin robar da ƙarfen. Idan suka raba na farko da na biyu, za su sami kimanin ribar liba. Sannan su sassauta waya su ga yadda hannun ke kaiwa ƙarshe birki bai kama ba, su kuma ɗaure ta fiye da kima su ga yadda taya ke gogar roba. Kulocin babur mai waya ma haka yake, kuma ɗalibi na iya ganin notin daidaitawarsa a gindin hannun hagu.

Kammalawa

Mun ga cewa kuloci yana aiki ne da gogayya, hanyar da ke sarrafa shi kuma jerin liba ce da ke musanya doguwar tafiyar ƙafa da ƙarfi mai yawa. Mun ga cewa cinyewar faranti tana rage tafiyar banza, miƙewar waya da sakin gaɓoɓi kuwa suna ƙara ta. Auna wannan tafiya da rula aiki ne na minti biyu, sauke inji don canza ƙonannen kuloci kuwa aikin yini ne da kuɗi masu yawa. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Muna fatan ɗalibai za su riƙa kallon garejin kanikawa na unguwarsu a matsayin wani ɗakin gwaje-gwaje, su je su gani da idonsu, su yi tambaya cikin ladabi.

Tambayoyi

1. Lissafa manyan sassan kuloci huɗu, ka faɗi aikin kowanne.

2. Idan ƙarfin matsi niwton 3,600 ne, ribar liba uku kuma 6 da 2 da 4, wane ƙarfi ƙafa ke bukata idan ba a lissafa gogayya ba?

3. A wannan mota ta tambaya ta 2, idan sararin gaban boris milimita 1.5 ne, nawa ce tafiyar banza a kan feda?

4. Bayyana dalilin da ya sa cinyewar farantin kuloci ke rage tafiyar banza.

5. Me ya sa ake gwada buɗewar kuloci da giyar ribas?